Matameye: zawo tsakanin mai farmasi da mai tallar magani

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Kance, tabkuna suka cika, ruwan sama ya kwashi ƙazantar bayan gari ya zuba cikin rijiyoyin da ba su da baki, sai zawo ya shiga gida-gida. Ba ya tambayar ko kai ɗan kasuwa ne mai safara tsakanin Matameye da Daura ta Ɗan Barto, ko kuwa ma'aikacin gwamnati da aka turo daga Yamai. Abin da ya bambanta mutane shi ne inda kowa yake nufa idan cikinsa ya ɓaci.

Mafi yawa suna nufar mai tallar magani, wanda ya jera hajarsa a faranti cikin rana. Shi ba ya tambayar kome. Ka faɗi ciwo, ya miƙo maka kafso biyu masu ja da rawaya, ko Flagyl, ka biya ka tafi. Wannan ciniki ya bunƙasa ne bayan karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da maganin da ake shigowa da shi daga Faransa ya gagari talaka. Amma araha ba ta ado: ba mu manta da 1995 ba, shekarar sanƙarau, da aka yi wa dubban ƴan Nijar allurar rigakafi ta jabu.

Mai farmasi na ƙwarai kuwa sai ya tsare ka da tambayoyi, har wani ya ga kamar ɓata lokaci ne. Wa ke zawon, yaro ko babba? Kwana nawa? Da jini? Da masassara ko amai? Daga amsarka zai san ko abin na gida ne ko na likita. Gaskiyar da ƴan talla ba su son a faɗa ita ce, yawancin zawo yana wucewa da kansa cikin ƴan kwanaki, kuma kafso ba ya taɓa ƙwayar birus da ke haddasa shi ga ƙananan yara. Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Uwa ta ga maɗigar ɗanta ta faɗa, idanu sun zurma, sai a ce mata haƙori ne, ko a liƙa wa maɗigar wani haɗi, alhali yaron ƙishirwa ce ke cinsa.

Maganin wannan yana cikin ƴar takardar da ake kira SRO, garin gishiri da sukari. Hikimarsa ita ce sukari na jan gishiri ya ratsa hanji, ruwa kuma ya bi su, ko da cikin yana gudu. A 1971, a sansanin ƴan gudun hijirar yaƙin Bangaladash da ke Indiya, likita Dilip Mahalanabis ya rasa isasshen ruwan ƙari, sai ya shayar da masu kwalara wannan haɗi. Mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Ga shi yau a farmasi, amma muna raina shi don ba allura ba ne.

Wurin haɗawa ake yin kuskure. A karanta takardar: yawanci ta lita guda ce, wata ta rabin lita. Babbar gorar ruwa ta roba da muka saba da ita lita ɗaya da rabi ce, kada a ɗauke ta lita. Ruwan ya zama tafasasshe da ya huce, abin da ya kai awa 24 kuma a zubar. In babu takardar, sai a sa ƙaramin cokali 6 na sukari, shafaffu ba masu tozo ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita guda. Gishiri in ya yi yawa illa ne. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, cokali-cokali. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Kada a janye nono, kada a hana kunu ko shinkafa. Lemun kwalba kuwa, da wasu ma'aikata ke ɗauka wayewa ce, sukarinsa ya yi yawa, yana iya ƙara gudun cikin.

Tun 2004 hukumar lafiya ta duniya OMS da UNICEF suka ce a haɗa wa yara da ƙwayar zinc: miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Iyaye da yawa suna dainawa ranar da zawon ya tsaya, alhali sauran kwanakin ne ke kare yaron a watannin gaba. Imodium, mai ɗaure ciki, yana iya fid da babban mutum kunya a cikin mota tsakanin Takeita da Damagaram, amma ba a ba ƙaramin yaro, ba a kuma sha in akwai jini ko masassara.

Akwai inda ikon mai farmasi ya ƙare. Jini a bayan gida, yaron da ya kasa sha ko ya langaɓe, fitsarin da ya ɗauke, zawon da ya kwana uku bai sassauta ba, tsoho ko mai ciki da ya galabaita, duk waɗannan na likita ne, ba jira. Zawo fari kamar ruwan shinkafa tare da amai kuwa, a tuna da 2021, da kwalara ta kama fiye da mutum 5.000 a Nijar, jihohin Damagaram da Maraɗi na cikin waɗanda suka fi shan wuya. Tana iya kashe ƙato cikin yini guda. A riƙa shayar da majinyaci SRO tun a kan hanya.

Tun 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, ko da yake sau da yawa maganin kan yanke a ɗakin likita, a koma farmasi da aljihu. Rigakafin birus ɗin rota kuma ya shiga jerin rigakafin jarirai a 2014. Ɗigawa ake yi a baki, kyauta, ranar awo.