BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: Shirin Kwana Huɗu A Ƙasar Gidajen Sarauta Da Inabi Ta Faransa

Malamin da aiki ko kwas ya kai shi Faris, babban birnin Faransa, ya kan sami kwana uku ko huɗu bayan an watse, kafin jirginsa ya tashi. Waɗannan kwanaki su ne ribar tafiya, su ne kuwa aka fi yin asararsu. Wani ya kan ƙare su cikin ɗakin masauki yana ƙirga sauran guzuri. Wani kuwa ya ji labarin gidajen sarautan da ke bakin Kogin Loire, sai ya ɗauki takarda ya jera goma sha biyu, ya ce duk sai ya gani. Ya komo gida ƙafa a kumbure, aljihu a bushe, in yara a makaranta suka tambaye shi wane sarki ya gina wane gida, sai ya yi ta susar ƙeya, gama duk sun cuɗe masa. Don gudun haka ne muka ga ya kyautu mu tsara wa masu karatunmu yadda a ke shirya wannan 'yar tafiya. Shawararmu a taƙaice ita ce: masauki ɗaya, gida uku, gona ɗaya.

INA NE ƘASAR?

Loire shi ne kogin da ya fi kowane tsawo a Faransa, ya zarce kilomita 1,000. Masu ƙasa suna faɗin sunan kamar Luwar. Za mu rubuta sunayen wurare yadda su ke a allon tasha, don kada baƙo ya nemi abin da ba a rubuta ba, sa'an nan mu gwada yadda a ke faɗinsu. Yankin da mu ke nufi yana kudu maso yamma da Faris, babban garinsa Tours, watau Tur, kamar kilomita 240 daga Faris. Cikin 2000 hukumar UNESCO ta sa kilomita 280 na wannan kwari cikin jerin kayan gadon duniya.

Abin da ya tara sarakuna a nan yaƙi ne. Cikin Yaƙin Shekara Ɗari da aka yi da Ingila daga 1337 zuwa 1453, Faris ta faɗa hannun Turawan Ingila, har suka riƙe ta daga 1420 zuwa 1436. Sarki Charles na Bakwai ya fake a wannan yanki, a garin Chinon kuwa yarinyar nan Jeanne d'Arc ta same shi cikin 1429. Da yaƙi ya ƙare sarakuna ba su yi hanzarin barin wurin ba. Daga 1494 suka shiga kai yaƙi Italiya, suka ga irin ginin can, suka komo da magina. Sai aka daina gina ganuwa mai ƙananan kafofin harbi, aka koma ga manyan tagogi da lambuna. Inda sarki ya sauka kuwa nan waziri da ma'aji da sauran fadawa su ke son gini, shi ya sa a ke ƙirga irin waɗannan gidaje fiye da 300 a kwarin.

LISSAFIN KWANA

Kowane babban gida yana cin sa'a biyu zuwa uku in za a duba shi da natsuwa, ban da tafiya da jiran jirgi. Ga cin rana, ga salla, ga hutun ƙafa. Wanda ya ce zai tauna uku a yini ɗaya ya manta da abin da aka ce game da taura biyu.

Saboda haka a kama masauki ɗaya a Tours kusa da tasha, a ajiye akwati, kullum a fita da 'yar jaka a komo da yamma. Daga tashar Montparnasse ta Faris jirgin ƙasa mai gudu da su ke kira TGV, wanda ya fara zuwa wannan yanki cikin 1990, ya kan kai mutum cikin kamar sa'a guda. Amma a lura: waɗansu jiragen ba su shiga cikin Tours, sai su tsaya a Saint-Pierre-des-Corps, a bayan gari, a sake ƙaramin jirgi na 'yan mintoci. A duba tikiti da kyau.

RANA TA FARKO: GONAR INABI

In an sauka da hantsi, da azahar sai a nufi Vouvray, watau Bubre, kamar kilomita 10 gabas da Tours, a tasi ko a keken haya. Mun sani galibin masu karatunmu ba su shan giya, addini ya hana. Amma abin kallo a nan noma ne, kuma wanda ya taso a gidan manomi ba zai rasa abin koyo ba.

Kuringar inabi tana tsaye layi layi a kan tudu, an ɗaure ta da waya. Da sanyi a ke yi mata aski, a kan tsinke 'ya'yan cikin Satumba da Oktoba. Babban abin da manomi ke tsoro shi ne jaurar Afrilu, sa'ad da toho ya fito. A irin wannan dare sai a ga gona duk an kunna manyan kyandirori tsakanin layuka don a ɗumama iska, kamar yadda aka yi cikin Afrilu 2021, da sanyi ya yi ɓarna ƙwarai a Faransa. Cikin shekarun 1860 kuma wani ɗan ƙwaro da ya zo daga Amurka ya shiga cin saiwar inabi, har ya kusa ƙare gonakin ƙasar. Maganin da aka samu shi ne aure, irin wanda mu ke yi wa mangwaro: a ɗora reshen inabin Faransa bisa gindin na Amurka, wanda ƙwaron ba ya kashewa. Har yau haka a ke dashe.

Ƙarƙashin gonakin akwai koguna da aka sassaƙa cikin wani farin dutse mai taushi, sunansa tuffeau. Daga irin waɗannan ramummuka aka haƙo dutsen da aka gina gidajen sarauta. Da aka gama haƙa sai ramin ya zama rumbu, gama sanyin cikinsa ya kan tsaya wajen digiri 12, rani da damina. Tun 1936 kuma doka ta tsare sunan Vouvray, ba mai iko ya rubuta shi a kwalba sai abin da ke ciki ya fito daga wannan ƙasa, daga irin inabin da aka yarda da shi. Malaman gona su yi tunani a kan wannan.

In an gama zagayawa a kan miƙa wa baƙo tambulan. Ƙin karɓa ba laifi ba ne a wurinsu. A ce “non, merci”, in ana so a tambayi “jus de raisin”, watau tataccen ruwan inabi wanda bai zama giya ba.

RANA TA BIYU: CHAMBORD

Wannan shi ne gidan da ya fi girma, ana faɗinsa Shambor. A hau jirgi daga Tours zuwa Blois, watau Buluwa, kamar minti 40, daga nan sauran kilomita 16 a bas ko tasi. Bas ba ta yawan zuwa, don haka a san lokacin komowarta tun kafin a shiga.

Sarki Faransuwa na Ɗaya ya sa aka fara ginin cikin 1519, don ya riƙa sauka in ya fito farauta. Ɗakunansa sun fi 400, murhunsa 282, katangar da ta kewaye dajinsa kuwa kilomita 32 ce. Abin da ya kamata baƙo ya fara nema shi ne matakalar tsakiya: matakala biyu ne suka nannaɗe juna kamar tufkar igiya, mai hawa da mai sauka su kan hangi juna ta taga amma ba su gamuwa. Masana da yawa suna jin dabarar Leonardo da Vinci ce. A hau har kan soro, a ga hasumiyoyi birjik kamar wani gari aka ɗora a bisa. Wanda ƙafarsa ta saura da ƙarfi ya tsaya fadar Blois a kan hanyar komowa, inda Sarki Henri na Uku ya sa aka kashe abokin gabarsa, Duc de Guise, cikin Disamba 1588. Wanda ya gaji ya wuce, ba dole.

RANA TA UKU: CHENONCEAU

Shanonso kuwa gida ne bisa ruwa, ya ƙetare Kogin Cher daga gaɓa zuwa gaɓa. Daga Tours kamar rabin sa'a ne a jirgi, tasha tana bakin ƙofarsa. A je da sassafe kafin manyan motocin 'yan kallo su iso.

Labarinsa labarin kishi ne. Cikin 1547 Sarki Henri na Biyu ya ba da shi kyauta ga Diane de Poitiers, wata mace da ya ke so, ba matarsa ba. Ita ta gina gadar. Da sarki ya rasu cikin 1559, sai uwargida, Catherine de Médicis, ta karɓe gidan, ta ba ta wani a madadi, sa'an nan ta ɗora dogon zaure mai mita 60 bisa gadar kishiyarta. Wannan zaure ya yi aikin da bai taɓa shiga zuciyar maginansa ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya aka mai da shi asibiti, aka yi jinyar sojoji fiye da 2,000. Daga 1940 zuwa 1942 kuma Kogin Cher shi ne iyaka tsakanin ƙasar da Jamus ta mamaye da wadda ba ta mamaye ba, sai ya zama ƙofar arewa tana hannun Jamus, ta kudu tana waje, mutane suka riƙa sulalewa ta cikinsa suna tsira.

RANA TA HUƊU: AMBOISE

Ambuwaz minti 20 ne daga Tours. Fadar tana bisa dutse, tana kallon kogi. A nan Sarki Charles na Takwas, yana da shekara 27, ya bugi kansa da saman wata gajeriyar ƙofa cikin 1498, bai kwana ba. A nan kuma Leonardo ya sauka cikin 1516 bisa gayyatar Sarki Faransuwa, ya zauna a wani gida kusa mai suna Clos Lucé, ya rasu ran 2 ga Mayu 1519. A gidan an ƙera injunan da ya zana, abin da zai ƙayatar da malamin kimiyya.

Amma abin da muka bar Amboise ƙarshe dominsa yana cikin lambu. Amir Abdulƙadir na Aljeriya, wanda ya yi shekara 15 yana yaƙi da Faransa, ya ajiye makami cikin Disamba 1847 bisa alkawarin za a kai shi ƙasar Gabas. Ba a cika alkawari ba. Aka tsare shi a wannan fada da iyalinsa da mabiyansa daga 1848 zuwa 1852, sa'ad da Louis-Napoléon ya sake shi. Mutum 25 daga cikinsu suka rasu a nan, aka binne su a lambun, cikin 2005 kuma aka gyara wurin don tunawa da su. Wanda ya je ya tsaya ya yi musu addu'a.

TAKARDU DA GUZURI

Mai kwarmin ido da wuri ya ke fara kuka. Bizar shiga Faransa ita ce ta Schengen, kuɗinta Yuro 90 tun Yuni 2024, kuma sai da inshorar lafiya ta Yuro 30,000. Ana iya nema tun saura wata shida. Abin lura shi ne, a sa waɗannan kwana huɗu cikin takardar neman tun farko, tare da shaidar masauki, don kada biza ta ƙare ran da aka rufe kwas.

Guzuri a kasa shi biyar kamar kasafin Baitulmali: jirgi, masauki, abinci, kuɗin ƙofa, da na ko-ta-kwana. Tikitin TGV ya fi araha in an saya da wuri. Kowane gida da kuɗin ƙofarsa, a bincika a rubuta tun daga gida. Gidajen abinci su kan ba da na rana daga ƙarfe 12 zuwa 2, wanda ya makara sai burodi. Abincin da Tours ta shahara da shi, rillettes, naman alade ne, miya kuma sau da yawa da giya a ke dafa ta, saboda haka a tambaya. Kifi da cukwin akuya suna nan a wadace.

Lokacin da ya fi kyau shi ne Mayu da Yuni, ko Satumba. Yuli da Agusta cunkoso ne da tsada. Cikin Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, sai a kula da lokacin magariba.

A ƙarshe mu tuna da mai Chambord. Ya fara ginin gida mai ɗaki fiye da 400, amma in an tara duk kwanakin da ya yi a ciki har ya rasu cikin 1547, ba su cika wata uku ba. Sarki ke nan, da dukiyar ƙasa a hannunsa, ido ya fi ciki. Malamin da ya ga gida uku ya riƙe labarinsu, har ya iya tsayawa gaban aji ya ba da shi daki-daki, ya fi wanda ya ratsa goma sha biyu da gudu. Allah ya kai lafiya, ya komo da ku lafiya.