Gyaran Kangon Gida: Lambu da Dandamalin Katako

Jama'a, da wuya ka sami gidan da ba shi da wani lungu wanda aka yi watsi da shi. Nan ake jefa fasasshiyar tukunya da tsohuwar taya da gwangwani, nan kuma ruwan wanka da na wanke-wanke ke gangarawa ya kwanta. Maigida ba ya leƙawa, uwargida ba ta sharewa, sai yara da kaji ke zuwa.

Ni malamin disfensa ne a cikin birnin Kano, na fi shekara ashirin ina ba da magani, amma ban cire kaina daga wannan laifi ba. A gidanmu na gado akwai wani kango inda ɗaki ya rushe tun zamanin kakana. Wata damina ƙaramar 'yata ta kwanta da zazzaɓi har sau uku. Ran nan na zaga kangon, sai na tarar da ruwa kwance a ramin da aka ɗebi ƙasa, 'ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil a ciki. Kunya ta kama ni, ga shi kullum ina yi wa mutane faɗa a wurin aiki. Da rani ya shigo na gyara wurin da hannuna, ni da ɗana da wani ƙanena. Yau lambu ne, da dandamalin katako inda muke shan iska. Yadda muka yi shi zan bayyana muku. Ku mutanen ƙauye kun fi mu fili, saboda haka abin zai fi muku sauƙi.

Abin da ya sa kwantaccen ruwa ke da haɗari

Birnin Kano da ƙasa aka gina shi, daga ganuwa har gidaje. Duk inda aka haƙi ƙasar gini sai a bar rami, damina ta cika shi, ya zama kududdufi. Abin ya daɗe, gama wani Bature matafiyi mai suna Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya rubuta labarin fadama da ruwayen da ya gani kwance a tsakiyar gari. A lokacin ba a san abin da ke haɗa ruwa da zazzaɓi ba. Sai a 1897 wani likita, Ronald Ross, ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a ƙasar Indiya.

Macen sauro a kan ruwa take yin ƙwai. Idan akwai zafi, cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan ya zama sauro mai tashi. Wadda ke kawo zazzaɓin cizon sauro ta fi son ruwan sama da ya kwanta a rami inda rana ke bugu. Wadda ke haihuwa cikin taya da gwangwani da fasassun tukwane ita ke iya ɗaukar cutar shawara. Ta kwatami mai wari kuwa ita ce mai hana barci. Ka ga ashe lungu ɗaya yana iya tara su duka uku.

Aiki na fari: shawara da shara

A fara aikin bayan girbi, tun daga watan Nuwamba, don a gama kafin ruwa ya sauka. Kafin ka ɗauki fartanya ka yi shawara da uwargida, domin ita ce ke wuni a gida, ita ta san inda rana ke daɗewa da inda ruwa ke bi. In gidan gado ne ka sanar da 'yan'uwa. In katanga ɗaya ta haɗa ka da maƙwabci, shi ma ka gaya masa.

Sa'an nan a kwashe tarkace duka. A sa takalmi mai rufi, kada a cusa hannu ƙarƙashin tsohon tubali ko itace, sai an juya shi da sanda tukuna, saboda kunama da maciji. A ware kwalabe da ƙarfe dabam. A tara duwatsu da fasassun tukwane gefe guda, za su yi amfani nan gaba.

Aiki na biyu: hanyar ruwa

Wannan shi ne uwar aikin. A cike kowane rami da ƙasar rusasshen gini, a daddaɓe. A gyara ƙasa ta ɗan karkata daga gindin katanga zuwa wajen rariya. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: zuba bokiti ɗaya na ruwa ka tsaya ka ga inda ya nufa. Inda ya tsaya, nan ke son ciko. Ƙarƙashin indararo a jera duwatsu, don kada zubar ruwa ta haƙa rami.

Ruwan wanka da na wanke-wanke a yi masa ramin tsotsewa. A haƙa rami mai faɗin ƙafa 3, zurfin ƙafa 4, nesa da katanga, nesa da rijiya. A zuba manyan duwatsu a ƙasa, sai fasassun tukwane, sai tsakuwa a bisa, a jawo 'yar kwata ta shiga ciki. Ruwa zai nutse ba tare da sauro ya sami wurin yin ƙwai ba. In rana ta yi ya toshe da maiƙo da sabulu, a kwashe tsakuwar sama a sake wata.

Aiki na uku: lambu

Kada a yi shuka dab da katangar ƙasa. A bar aƙalla ƙafa 3, domin ban ruwa kullum yana jiƙa gindin gini, kuma jiƙaƙƙen gini shi ke faɗuwa a kan mutane cikin watan Agusta. A yi fangali mai faɗin ƙafa 3, yadda hannu zai kai tsakiya ba sai an taka ba. A kaftu ƙasa zurfin kamar taƙi biyu, a tsince duwatsu, a gauraya da taki.

Taki kuwa sai wanda ya ruɓe sarai, watau kashin awaki ko na shanu ko na kaji wanda aka tara da toka da ganye har ya yi baƙi ya daina wari. Kada a kuskura a sa bayan gidan mutum, ko a yi ban ruwa da ruwan kwata. Ta nan ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin gudawa da na taifot ke hawa ganye su koma cikin mutane.

Ga abin da ya kamata a shuka. Alayyafo, wanda cikin wata guda ake fara yanka. Lalo da yakuwa da rama, ba su da wuyar reno. Kuɓewa, wadda ke fara 'ya'ya cikin wajen wata biyu. Zogale, reshe ma aka kafa yakan tsira. A riƙa sare kansa don ya yi rassa, ganyen kuma ya tsaya inda hannu ke kaiwa. In da fili a sa gwanda guda biyu ko uku, nesa da gini. Ɗanyen ganye da nunanniyar gwanda suna da bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, watau rashin gani da almuru, yana kuma rage wa yaro ƙarfin jure kyanda da gudawa. Ganye yana kuma taimakon mai ciki wajen ƙarin jini, ko da yake bai isa ya maye maganin da ake bayarwa wurin awon ciki ba. A kewaye lambu da shingen kara saboda awaki da kaji. Kowane ganye a wanke shi da ruwa mai tsabta kafin a dafa.

Aiki na huɗu: dandamalin katako

Mun saba da dakalin ƙasa da shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Amma da damina ƙasa na da danshi, da bazara kuwa kunama na yawo da dare. Dandamalin da aka ɗaga sama yana raba mutum da waɗannan, iska kuma na ratsawa ta ƙarƙashinsa.

Namu tsawonsa ƙafa 8 ne, faɗinsa ƙafa 6, tsayinsa daga ƙasa inci 18. Kada a yi ƙasa da haka, domin tilas tsintsiya ta shiga, ido kuma ya ga abin da ke ƙarƙashi. Kayan aiki su ne zarto, guduma, ƙusa, igiya da tef na awo.

Babban abokin gāban katako shi ne gara. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka yi rufin soraye da azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cinta da sauƙi. Dubi tsofaffin gine-gine irin su Gidan Makama ka gani. In ana samun azara a garinku, ita ta fi dacewa da ƙafafu da gicciye, sai dai kada a bar tazarar da ta wuce ƙafa 6 ba tare da madogara ba. In babu, a sayi katako mai tauri wanda ya bushe. Mu a nan 'Yan Katako na Na'ibawa muke zuwa. Ɗanyen katako yana lanƙwashewa ya tsage idan hunturu ya buge shi.

Ga yadda ake haɗawa. Da fari a daddaɓe wurin, a ja igiya a fitar da kusurwa huɗu. Auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. In awon ya zo daidai, wurin bai karkace ba. Na biyu, a dasa duwatsu masu faɗi ko bulo guda 6, uku a kowane dogon gefe. A kansu ƙafafu za su zauna. Kada katako ya taɓa ƙasa ko kaɗan. Wannan ita ce dokar da ta fi kowace. Na uku, a ɗora dogayen katakai biyu masu kauri bisa ƙafafun, a gicciya waɗansu a kansu, irin mai inci 2 da inci 4, a tsaye bisa gefensu, tsakanin kowane biyu inci 16. Ɗora kwano cike da ruwa a kai, shi zai nuna maka gefen da ya yi ƙasa. Na huɗu, a jera allunan sama masu kaurin inci 1, a bar 'yar kafa tsakaninsu gwargwadon kaurin babbar ƙusa, don ruwa ya zube, amma yatsan yaro kada ya shiga. A goge bakin alluna saboda sartse.

A shafa wa ƙafafu da gicciye maganin gara kafin a haɗa. Waɗansu sukan shafa baƙin man mota. Kada a sa shi inda yara ke zama ko kusa da lambu, gama guba ne. Duk wata a duba ƙafafu. In an ga gara ta fara ginin hanyarta bisa dutse, a kankare nan take.

A nutsar da kan kowace ƙusa, a tsince waɗanda suka faɗi. Ni kaina na taka wata a ranar ƙarshe ta aiki. Ƙwayar tatanas, cutar da ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora, cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, ƙusa ce ke kai ta cikin nama. Wanda ya ji irin wannan rauni ya wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ya tafi asibiti a ranar don a duba ko yana bukatar allura. Kada a cusa ƙasa ko toka a ciki.

A ƙarshe a kafa sanduna huɗu a yi rumfa da zana ko asabari, a ɗaura igiyar rataya gidan sauro.

Kiyayewa

Kada ƙarƙashin dandamali ya zama sabuwar ma'ajiyar tarkace. A share shi kullum, kada a bar ragowar abinci, domin ɓera na zuwa, kuma ta fitsari da kashin wani irin ɓera ake ɗaukar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969. In an yi shanyar kuɓewa ko ganye a kai, a kwashe kafin dare. Randa da duron ban ruwa a rufe su, a wanke cikinsu kowane mako.

Kada wani ya ce tun da ya gyara gidansa ya rabu da sauro ke nan. Na kududdufi da na gidan maƙwabci suna iya tasowa. Saboda haka kowa ya kwana cikin gidan sauro mai magani, ko a ɗaki ko a dandamali. Yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 a ba su maganin rigakafin zazzaɓi da ma'aikatan lafiya ke rabawa wata-wata da damina. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kawo shi a gwada jininsa a ranar, kada a jira gobe.

Mu aikin ya ɗauke mu wajen wata biyu, muna yi da yamma da ranakun hutu. Da maƙwabcina ya ga an miƙa masa alayyafo ta kan katanga, shi ma ya zo aron shebur. Wanda bai da kuɗin katako bana, ya fara da shara da cike rami, waɗannan ba su cin ko kwabo. Katako ya biyo baya baɗi.