Safo: tsakanin Gulbin Maraɗi da dajin Baban Rafi

Yau za mu dubi shimfiɗar ƙasar Safo. Ƙaramar hukuma ce a gundumar Madarunfa, jahar Maraɗi, kudu da birnin Maraɗi kaɗan. Cikin maƙwabtanta akwai Jiratawa, Sarkin Yamma, Gabi da ita kanta Madarunfa.

In kana son ka gane Safo, fara da gulbi. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, a Najeriya. Ya bi ta Jibiya ya shigo Nijar, ya ratsa yankin Madarunfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa kogin Rima. Baƙo ne mai wucewa, da damana kawai yake gudu. Amma laka da danshin da yake bari a fadama su ne ke riƙe garake har tsakiyar rani: tumatir, albasa, rogo, zogala, mangwaro. A jigawa kuwa sai hatsi da wake da gujiya, su kam sai abin da sama ta bayar.

Gulbin nan ba abin wasa ba ne. A 1945 ambaliyarsa ta ci tsohon garin Maraɗi, dole aka tashi aka koma kan tudu. Yau kukan ya sake salo. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya wajen farkon shekarun 1990, yawan ruwan da ke iso mana ya danganta da abin da aka saki daga can. Mai garka ya fi kowa sanin haka, don shi ke ƙara wa rijiya zurfi.

Ta kudu maso yamma, wajen iyaka, dajin Baban Rafi ne. Dattawa na tuna lokacin da giwaye ke shigowa cikinsa. Daga nan itacen girkin Maraɗi da yawa ke fitowa, nan ne kuma makiyaya ke kai dabbobi. Gatari da sabbin gonaki sun rage shi ƙwarai. A 'yan shekarun nan kuma ɓarayin shanu da masu satar mutane da ke ƙetaro iyaka sun sa shiga wasu sassansa ya zama kasada, har wasu manoma sun bar gonakinsu na bakin daji ba shuka.