Tautau, gizo-gizo da tarantula: Wanne ne abin tsoro?

Da zarar damina ta kankama a Gusau, Tsafe ko Bunguɗu, sai ka ji an fara ƙorafin tautau. Yaro ya tashi da ƙuraje a wuya, a ce tautau ne ya yi masa fitsari. Manomi ya ɗaga dutse a gindin Kwatarkwashi, wani ƙaton gizo-gizo ya fito, kafin a tambayi sunansa an take shi.

Masana sun ƙirga nau'in gizo-gizo sama da 50,000 a duniya. Dukkansu ƙafa takwas gare su, jikinsu kashi biyu, shi ya sa ba a lissafa su cikin ƙwari masu ƙafa shida. Kunama ce 'yar uwarsu ta kusa.

A cikinsu akwai dangin da ake kira tarantula, manya masu gashi, nau'i fiye da 1,000. Sunan ya samo asali ne daga garin Taranto na Italiya, ko da yake gizon da aka fara laƙaba wa sunan ba ya ma cikin dangin. Ana gane su ta fiƙa: nasu biyu ƙasa suke sara kamar gatari, na gizon ɗaki kuwa haɗuwa suke yi kamar awartaki. Ba sa saƙa yanar kamun ƙuda. Rami suke shimfiɗe wa zare, ko kogon itace, su yi kwanto da dare su cafke gyare ko fara. Macen takan haura shekara 20, namijin kuwa ba ya daɗewa bayan ya balaga.

Na Kudancin Amurka, inda mafi nauyinsu ke kai giram 170, suna da gashi mai ƙaiƙayi da suke watsa wa maƙiyi. Na Afirka ba su da shi, don haka sun fi saurin cizo, dafinsu kuma ya fi zafi. Akwai Stromatopelma calceatum da ke zama a bishiyar kwakwar manja a Afirka ta Yamma, da Heteroscodra maculata na Togo da Gana. Cizonsu kan jawo raɗaɗi da ɗaurewar jijiya na kwanaki, amma babu tabbataccen rahoton cewa tarantula ta taɓa kashe mutum.

Batun fitsarin tautau kuwa, sau da yawa an ɗora masa laifin wani ne. Akwai wani siririn ƙwaro mai ja da baƙi da ke bin hasken fitila, wanda idan aka murƙushe shi a jiki ruwansa ke ƙona fata. Wani lokaci kuma ƙwayar cutar ƙarambau ce ke farfaɗowa, ta fito da ƙuraje a gefe ɗaya na jiki, abin da ke buƙatar ganin likita da wuri.

Ramin da ake zura wa hannu a gona kuwa, ba gizo kaɗai ke ciki ba. Kunama da kububuwa ma can suke fakewa, kuma saran kububuwa na kisa.