Dashen Shuwaka: Yadda Ake Yi da Abin da Za a Kiyaye

A Sabon Tasha da kewayen Kafanchan, da wuya ka zaga unguwa ba ka ga shuwaka a jikin danga ko gefen rijiya ba. Tsiro ce ta ƙasarmu, kuma ganyenta yana da kasuwa har Kamaru, inda ake miyar ndole da shi. Duk da haka, da yawa suna dasawa ta bushe, wasu kuma su cutu wajen amfani da ita.

Ƙwayar shuwaka ƙanƙanuwa ce, tsironta ba tabbas, shi ya sa manoma suka fi dasa reshe. A zaɓi reshen da ya ƙosa, mai kaurin yatsa, daga uwa mai lafiya. A yanka tsawon santimita 25 zuwa 30, da idanu uku ko huɗu a jiki. A fere gindin a karkace don a gane ƙasa da sama, domin reshen da aka kafa a juye ba ya kamawa. A zage ganyen, a soka reshen a jirkice, idanu biyu cikin ƙasa, a danne da tafin hannu. Tsakanin gindi da gindi a bar kamar mita ɗaya.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da ruwa ya zauna, wajen Afrilu zuwa Mayu. Cikin mako biyu zuwa uku za a ga toho. Abokan gaba uku ne: gara, ruwan da ya kwanta a gindi, da ɗanyen kashin kaji, wanda ke ƙona saiwa. Takin da ya ruɓe kawai za a zuba. In ta kai ƙirji a datse kan, sai ta yi rassa, ganye ya yawaita.

Sai batun lafiya. Kada a dasa a bakin kwata ko a yi ban-ruwa da ruwan ƙazanta, tunda akwai masu matse ɗanyen ganyen su sha. Kada a fesa maganin ƙwari yau a tsinka gobe; wankewa ba ta fitar da shi duka.

Amfanin shuwaka sananne ne. A 1987, a tsaunukan Mahale na Tanzaniya, masani Michael Huffman ya ga birin cimfanzi marar lafiya yana tauna ɓargon reshenta, daga baya ya murmure. Amma wannan bai sa ta zama madadin asibiti ba. Mai ciwon sukari kada ya ajiye maganinsa ya dogara da ruwan shuwaka, kuma haɗa su ba da sanin likita ba yana iya sauke sukarin fiye da kima. Mai juna biyu ma ta nemi shawarar ma'aikatan lafiya tukuna.

Wanda yake da uwar shuwaka ya ba maƙwabci reshe kafin damina ta yi nisa, ya kuma nuna masa gefen da ake kafawa.