Almakashin da ke cikin gwiwa: abin da ya kamata ku sani

Duk wanda ya taɓa barin farfesun ƙafar saniya ya kwana ya san yadda romon ke daskarewa, yana rawa a cikin kwano. Abin da ya daskarar da shi sunansa kolajin, wato zaren da jiki ke saƙa fata da jijiya da guringuntsi da shi. Guringuntsin nan mai santsi da ya lulluɓe bakin ƙasusuwan gwiwa, saƙa ce ta kolajin da ta riƙe ruwa, shi ya sa ƙashi ba ya gogar ƙashi idan mutum ya durƙusa.

Zaren yana da tauri ƙwarai, yawancin sinadaran da ke narkar da nama ba sa iya masa. Sai a 1962 wasu masu bincike a Amurka, Jerome Gross da Charles Lapiere, suka gano abin da ke yanka shi. A ina? A wutsiyar talibambam. Sun so su san yadda wutsiyar ke ɓacewa idan zai zama kwaɗo, sai suka tarar da wani sinadari da ke datse kolajin kamar almakashi. Yau an san jikin ɗan Adam yana da irinsu fiye da 20, ana kiransu MMP, kuma kowannensu sai da zink yake aiki. Wanda ya fi cin guringuntsin gwiwa shi ne MMP-13.

Kada a ɗauka ɓarna kawai suke yi. Ƙafar yaro tana tsawo ne ta wani faifan guringuntsi da ke kusa da bakin ƙashi, sama da ƙasan gwiwa. Sai almakashin ya share tsohon guringuntsi kafin jijiyoyin jini su shiga, ƙashi ya maye gurbin. Haka ma idan an yi targaɗe: dole a kwashe zaren da ya tsinke kafin a saƙa sabo, kamar yadda magini ke kankare ginin da ruwa ya ci kafin ya yi yaɓe. Jiki kuma yana da wasu sinadarai huɗu masu suna TIMP, aikinsu su riƙe almakashin idan ya gama.

Matsalar tana farawa ne idan kumburi ya daɗe, ko gwiwa ta riƙa gocewa bayan tsinkewar jijiya. Yanka sai ya fi saƙa yawa. Guringuntsi kuwa ba shi da jijiyar jini, ba shi da jijiyar jin zafi, don haka yana cinyewa shiru. Wani bincike da aka buga a 2016 daga Denmak ya nuna kolajin ɗin guringuntsin gwiwa kusan ba ya sabuntawa da zarar mutum ya gama girma. Abin da aka samu a ƙuruciya, da shi za a tsufa. Wannan na daga cikin dalilan da ɗan ƙwallon da ya ji ciwo yana saurayi ke fama da amosanin gaɓɓai tun bai yi furfura ba.

To me ya hana a kashe almakashin da magani? An gwada tun shekarun 1990. Magungunan sun toshe mai ɓarna da mai gyara gaba ɗaya, marasa lafiya suka riƙa kukan ciwon gaɓɓai da sanƙarewa, aka ajiye su. Ganda da garin kolajin da ake tallatawa kuwa, ciki yana narkar da su kamar kowane nama. Ba sa tafiya kai tsaye su liƙe a gwiwa.

Abin da ke hannunmu shi ne rage ƙiba, domin kowane kilo ɗaya da aka sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku, da kuma ƙarfafa naman cinya. Idan gwiwa ta kumbura bayan faɗuwa, ko tana sullewa, ko tana maƙalewa, kada ku tsaya ga man zafi da ɗaurin tsumma. Ku je likitan ƙashi ya duba ta.