Gogayyar Kamfanonin Jirgin Ƙasa a Kan Gidajen Shirya Lemo a Kalifoniya

A shekarar 1876 ne layin dogo na kamfanin Southern Pacific ya isa Los Anjalis, a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka. A 1877 aka ɗauki taragon lemo na farko daga can zuwa birnin San Luwis. Kamfanin ya ci karensa ba babbaka sai a 1885, lokacin da Santa Fe ya shigo da nasa layin. Na Salt Lake kuma ya biyo baya a 1905.

A wancan zamanin, shi dai lemo ba a loda shi kai tsaye daga gona. Sai an kai shi wani gida na musamman an wanke, an ware manya da ƙanana, an naɗe kowane ɗaya a takarda, sa'an nan a jera a akwatin katako. A lokacin tilas ne gidan ya kasance a bakin dogo, yadda tarago mai ƙanƙara zai tsaya daidai ƙofarsa. To, a nan gizo ke saƙar, domin layin da gida ya jingina da shi, shi ne zai riƙa kwasar kayansa shekara da shekaru.

Da can kamfanonin kan jawo 'yan kasuwa ne ta hanyar mayar musu da wani kaso na kuɗin dako a ɓoye. Dokar 1887 ta haramta wannan, ta Elkins kuma ta ƙara tsanantawa a 1903. Da aka toshe wannan ƙofa sai gogayya ta ƙara karkata ga fili da gini. Kamfani ya kan ba da filinsa haya da araha, ya shimfiɗa reshen dogo har bakin ƙofa, wani lokaci ma ya gina gidan da kansa ya ba ƙungiyar manoma ko ɗan kasuwa haya. A gaskiya ragin nan ne da doka ta hana ya sake riga. Mai haya ya huta da neman jari, amma ya ɗaure kansa, shi ya sa masu wayo suka fi son wurin da layi biyu ke kusa da juna.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gidajen kwana suka cinye gonakin lemo, manyan motoci kuma suka karɓe dakon. Santa Fe ya haɗe da Burlington Northern a 1995, Union Pacific kuwa ya haɗiye Southern Pacific a 1996.